Rubutu mai ɗige-ɗige: inda masu dizain ke kwafsawa da yanda za a gyara

Kwana biyun nan rubutu mai ɗige-ɗige ya shigo yayi sosai wajen 'yan dizain ɗinmu na Kaduna, duk status ɗin da ka buɗe sai ka ci karo dashi, fulayar shagon waya, tallan ajin koyon kwamfuta, tambarin masu saida data, har katin ɗaurin aure an fara maka masa. Ina nufin haruffan nan da ba layi ake ja ba, ƙananan ɗigo ake jerawa har su tada harafi, irin na tsohuwar firintar banki mai ƙarar nan ko allon LED mai gudu da ake kafawa a ƙofar kemis. Abun yana da kyau in an iya shi, amma mafi yawan wanda nake gani gaskiya ba a iya ba, kuma ba laifin fontin, wato salon haruffan, bane.

Kusan duk ɓarnar daga waje ɗaya take tasowa, mutane suna ɗaukan shi kaman Arial, fontin nan na yau da kullum, ne da aka huhhuda, alhali shi wannan rubutun takura ce ta haife shi ba kwalliya ba. Firintocin farko na irin wannan, kaman LA30 ta kamfanin DEC da ta fito a 1970, allurai ne a jere a tsaye suke dukan ribon su bar tabo a takarda, kuma kowane harafi gida 5 a kwance 7 a tsaye aka yanka masa, gida 35 kenan, a ciki zai rayu. Da Epson ta fito da MX-80 a 1980 alluran 9 ne, daga baya aka yi masu 24. Har yau ba su mutu ba saboda su ne ke iya dukan takarda mai kabon kwafi uku ya fita a bugu ɗaya, shi yasa kake ganinsu a wasu bankuna da ofisoshin biyan kuɗi. Sikirin ma haka, Nokia 3310 da ta fito a 2000, wadda ta cika hannun mutane bayan shigowar GSM Najeriya a 2001, ɗigo 84 a kwance 48 a tsaye ne duka fuskarta. Toh kaga wanda ya zana waɗannan haruffan bashi da rabin gida, ko ɗigo yana nan ko baya nan, kaman dai dara ce, ɗa a gurbi yake zama ba a tsakanin gurbi biyu ba. Wannan ragar ta gidaje ita ce dokar rubutun, duk wanda ya riƙe ta ya huta da rabin matsalar.

Mu fara da wanda ya fi yawa, jan rubutu. Sunan shago bai cika faɗin fuleks ba sai a kama gefensa a CorelDraw a ja shi ya miƙe. Ko a fonti na yau da kullum wannan ɗabi'a ce mara kyau amma ido yana iya yafewa, a nan kuwa asiri nan take yake tonuwa saboda ɗigon da yake zagayayye ya koma dogo, tazarar kwance ta fi ta tsaye, kowa ya kalla zai ji wani abu bai zauna ba ko da bazai iya faɗin mene ba. In zaka ƙara girma ka kama kusurwa ya tafi gaba ɗaya. In har yanzu bai cika ba ka bar filin haka, ko ka raba sunan gida biyu, fili ba abun kunya bane. Ƙannensa su ne danna B na kaurara rubutu da danna I na karkata shi. Kauri na ƙarya yana kumbura ɗigon har su manne da juna rubutun ya zama wani dunƙulallen abu, karkatawa ta ƙarya kuma tana kwantar da raga gaba ɗaya. Kana son kauri, nemo fontin da aka zana shi da kauri, irin wanda jikin harafi sahu biyu ne na ɗigo, ko ka ɗauki irin Doto na Google Fonts da zaka iya ƙara nauyin ɗigon da kanka ka kuma zaɓa ko zagayayye kake so ko mai kusurwa, ba tare da gidajen sun motsa ba.

Sai tazara, wanda shi kam ko waɗanda suka daɗe a harkar yana kama su. Mun saba in harafi biyu sun yi nesa da juna mu matso dasu da ido, wannan daidai ne a sauran fontoci. A nan ba da ido ake yi ba, da ƙirga ake yi. Auna daga tsakiyar ɗigo zuwa tsakiyar na kusa dashi, wannan awon shi ne mudunka na aikin gaba ɗaya. Tsakanin harafi da harafi gida ɗaya babu kowa, tsakanin kalma da kalma gida uku ko makamancin haka, tsakanin layi da layi gida biyu ko uku, amma dai cikakkun gidaje, ba ɗaya da rabi ba. Hanya mai sauƙi ta dubawa, ja layin jagora a tsaye ta tsakiyar wani ɗigo na layin sama ka gani ko ya ratsa tsakiyar ɗigo a layin ƙasa. In ya bi ta tsakaninsu an kauce. Kuma nan ne daidaita rubutu a tsakiya yake yaudara, domin in layi ɗaya yawan gidajensa mara ne ɗayan kuma cika ne, manhaja zata ture ɗaya da rabin gida, sai ka gyara da hannu. Ni dai na fi son in jingina irin wannan rubutun a hagu, haka injinan asali suke yi dama.

Wannan maganar tana ƙara nauyi in kana so ka saka matattun ɗigo a baya, wato waɗanda ba a kunna ba, masu duhu-duhu, don abun ya yi kama da allon gaske. Dabara ce mai kyau sosai, amma sau nawa zakaga an sauko da hoton ɗige-ɗige daga intanet an shimfiɗa a baya, an ɗora rubutu a kai, ɗigon baya girmansu daban na rubutu daban, ba wanda ya hau kan wani. Wannan yafi rashin sakawa muni. Ka ɗauki ɗigo ɗaya daga cikin harafin ka maimaita shi da wancan awon da ka auna har ya cika allon, ka rage masa haske sosai, sannan ka zaunar da rubutun daidai a kansu.

Girma ɗaya a allo ɗaya, wannan ma doka ce. Allon gaske bashi da manyan ɗigo a sama ƙanana a ƙasa. In kana son kanun magana ya fi girma a cikin allo guda, yawan ɗigo zaka ƙara, harafi mai sahu 14 maimakon 7, ba kumbura ɗigon ba. In hakan zai yi wahala toh kanun kaɗai ya zama mai ɗigo, sauran bayani ka rubuta da fonti lafiyayye mara ado.

Wanda ya kawo mu kan babban laifi, rubuta komai da komai dashi. Na ga fulayar taro da aka rubuta sunan taro, jerin masu jawabi, adireshi, har dogon bayanin yanda za a yi rajista duk da ɗigo, wallahi kafin ka kai layi na uku idonka ya fara ruwa. Dalilin a fili yake, ido ne yake haɗa ɗigon ya maida su layi, aiki kake bashi, kalma uku ko huɗu zai yi maka da daɗin rai amma sakin layi guda bazai yi ba. Kamfanin Nothing na Landan da suka taimaka wajen dawo da wannan yayin tun fitowar wayarsu ta farko a 2022, fontinsu Ndot a kanun magana da agogo da 'yan gajerun kalmomi zaka fi ganinsa, dogon karatu da rubutu na yau da kullum suke yinsa. Masu abun ma kenan.

Akwai kuma wani lissafi da ba a cika yi ba. Zagayayyen ɗigo ko ya cika gidansa taf har yana taɓa na kusa, kusan kashi 78 cikin 100 na gidan kawai yake rufewa. In aka rage shi ya zama faɗinsa kashi 80 cikin 100 na gidan, wanda shi ne ake gani da kyau, abun da ya rufe ya dawo kusan rabi. Ma'ana rubutunka rabin tawadar rubutu na yau da kullum yake ɗauke da ita, daga nesa fari zai koma toka-toka, ja zai dushe. Shi yasa kalar da take fita raɗau a Arial in ka saka ta a nan sai ta yi sanyi. Maganin shi ne bambanci mai ƙarfi tsakanin rubutu da baya, da kuma baya mai shiru. Kar ka ɗora shi kan hoton amarya da leshi mai duwatsu, kar ka ɗora kan atamfa ko hoton kasuwa, ɗigo zai ɓace cikin ɗigo. In dole sai hoto, yanka baƙin akwati ka zuba rubutun a ciki.

Masu saka walƙiya kuma a dinga tausayawa. Ɗan haske kaɗan a bayan ɗigo yana bada kamannin LED, amma in hasken ya cike tazarar da ke tsakaninsu an kashe dalilin zaɓen fontin. Sannan jan nan mai ƙuna da koren da kake gani a sikirin, injin bugawa bazai baka su ba, tawada bata haske, ja akan baƙi a fuleks yakan fito kaman jinin da ya bushe. In bugawa za a yi, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo ko fari sun fi tsira.

Yanzu ga inda ya fi damuna, haruffanmu masu ƙugiya.

Yawancin waɗannan fontocin, musamman na kyauta da ake kwasowa a shafukan saukar da fonti, A zuwa Z ne kawai da lambobi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu manyansu, sau da yawa ko alamar ₦ babu. Abu uku ke faruwa in ka rubuta Hausa dasu. Ko akwati ya fito a gurbin harafin, wannan da sauƙi tunda zaka gani. Ko manhaja ta yi shiru ta aro harafin daga wani fonti, sai kaga kalma duk ɗigo amma ƙ ɗinta lafiyayye sumul a tsakiya, wannan a Canva da PixelLab a ƙaramin sikirin na waya yana wucewa ba a lura ba sai an buga. Ko kuma mai dizain ya gaji ya cire ƙugiyar gaba ɗaya, a wayi gari an rataya fuleks a ƙofar zauren biki ana yiwa manyan baki maraba. A hira ta waya duk muna sakin ƙugiya ba wanda ya damu, amma aikin da aka biya kuɗi aka rataya a titi daban ne.

Gyaran bai kai wahalar da ake tsammani ba, kuma a nan ne ma wannan rubutun ya fi sauran sauƙi, tunda ba sai ka iya zanen harafi ba, kwafin ɗigo ne kawai da ajiye shi a gida. Rubuta kalmar da b ko d ko k, ka maida rubutun zane, a CorelDraw Ctrl+Q ne, ka wargaza shi yanda kowane ɗigo zai tsaya da kansa. Ƙaramin ɓ da ƙaramin ƙ sandarsu a hagu take kuma ƙugiyar dama take lanƙwasowa, saboda haka fili yana nan, ka cire ɗigon da ke can saman sandar ka maida shi gida ɗaya zuwa dama, ka ƙara masa wani a gefensa, shikenan kai ya lanƙwasa. Ƙaramin ɗ shi ne ɗan rigima domin sandarsa a dama take a bakin iyaka kuma ƙugiyar waje take fita, toh ko ka matse cikinsa ya koma gida 4 ka bar na biyar wa ƙugiya, ko ka bashi gida 6 ka tura sauran haruffan kalmar gaba da cikakken gida ɗaya. Manyan Ɓ da Ɗ tasu ƙugiyar ta hagu take a sama, su ma ƙarin gida suke so ta wannan ɓangaren, Ƙ kuma hannunsa na sama na dama ne yake lanƙwasa. Abun da ba a yi shi ne a ƙanƙance ɗigo don ƙugiya ta samu waje, ko a zana 'yar ƙugiya da layi a manna. Kuma ɗigo ɗaya tak baya isa, daga nesa kaman datti ne ya sauka a wajen, a bashi biyu ko uku. In ka zana su sau ɗaya ka ajiye a fayil, gobe kwafowa kawai zakayi.

Namu na Najeriya 'y muke rubutawa, amma in kwastoma daga Nijar yake ko can aikin zai tafi su ƴ suke amfani dashi, sai a tambaya kafin a fara. Ita kanta 'yar alamar da ke 'ya'ya da ɗan'uwa a duba ta, a wasu fontocin ɗigo ɗaya ce tana yawo a sama ba mai gane ta, gara a mata biyu.

Ɗalibai masu haɗa aikin Arduino, wato ɗan allon lantarkin nan da ake sarrafa na'urori dashi, irin 'yan Kaduna Poly da sauransu, ku ma abun ya shafe ku. Ƙaramin sikirin ɗin nan mai layi 2 harafi 16 da kuke sakawa, wanda ke bin tsarin HD44780 na Hitachi, gidan harafinsa 5 da 8 ne kuma bai san Hausa ba, amma ya bar muku gurbin haruffa 8 da zaku zana da kanku. Ɓ, Ɗ, Ƙ da ƙananansu shida kenan, ga ₦ na bakwai, har da ragowar ɗaya. Ba wani uzuri na nuna "Bude kofa" a gaban malamai ranar kare aiki.

Larabci da ajami kuwa shawarata a bar su da rubutunsu. Haruffan nan da ɗigo ake bambance su tun asali, ba da ta da sa da nun da ya a tsakiyar kalma jikinsu ɗaya, ɗigon sama da na ƙasa ne ke raba su, toh in jikin ma ya zama ɗigo me ya rage. A allon LED mai sahu 16 ko sama da haka ana iya fitar da shi ya karantu, amma a katin walimar sauka a ɗauko aya a farfasa ta don ado, wannan kasada ce da bata da riba.

Lambobi ma suna da tasu fitinar. A raga 5 da 7, sifili da O kusan abu ɗaya ne sai in an ratsa sifilin, 5 da S, 8 da B, 1 da I da ƙaramin l, sannan 6 da 8 da 9 ɗigo biyu-uku ne tsakaninsu. Yanzu ka ɗauka mai POS ne a Kawo ko mai kaya a Kasuwar Barci ya ce a buga masa lambar akawun ya manna, lamba 10 ce, ƙura ta hau, ɗigo ɗaya ya ɓare, kuɗin mutane ya tafi wani wajen. Lambar akawun da lambar waya mai 11 ba wajen gwada gwaninta bane, fonti mai kauri lafiyayye, a rarraba su uku-uku ko huɗu-huɗu. In farashi ne babba guda ɗaya a fosta ba laifi, yana ma kyau.

Ƙananan haruffa masu jela, g da j da p da q da y, a fontin sahu 7 basu da inda zasu sauke jelar sai a cusa su sama, g ta koma kaman 9. Hausa kuma cike take da y da g, ya, yana, gida, gobe. In fontinka irin wannan ne rubuta da manyan baƙi kawai, in kana son ƙanana nemo mai sahu 9 ko 10.

Wani abun kuma da ke nuna mutum bai san kayan ba shi ne cakuɗa dangi. Iri uku ne ake ruɗawa. Akwai mai sanduna bakwai, na kalkuleta da agogon Casio da famfon gidan mai, wanda lambobi kawai ya iya da kyau. Akwai mai murabba'i manne da juna, na Nokia da tsoffin wasannin gem, irin Press Start 2P. Sai namu mai zagayayyen ɗigo a rarrabe. Kowanne da zamaninsa da injinsa, in ka zuba ukun a fulaya ɗaya wai duk dijital ne sai abun ya zama gwanjo. Ko a cikin masu ɗigon akwai bambanci, na firinta baƙi ne ko toka akan farar takarda kuma ɗigonsa na ɗan taɓa juna, na LED haske ne akan baƙi, irin su Codystar kuma kwan fitilar ƙofar silima suke kwaikwayo ba kwamfuta ba. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Sannan ka tambayi kanka ko ya dace da sana'ar, shagon gyaran waya ko mai haɗa sola eh, amma mai turaren wuta da humra ko mai ɗinkin amare da wuya.

Mu zo kan fitar da aiki, inda kuɗi ke ƙonewa.

A sikirin, ɗigo yana buƙatar fiksil, wato ƙananan ƙwayoyin hasken da ke haɗa hoto, da yawa kafin ya zama zagayayye. Harafi mai sahu 7 in tsayinsa fiksil 14 ne, kowane gida fiksil 2 ya samu, a ciki za a yi ɗigo a kuma bar tazara, bazai yiwu ba, sai dai wani hazo. A nawa ganin in gida bai samu fiksil 6 ba kar a fara, wato harafi ya haura fiksil 40 a tsaye, kuma awon gidan ya zama cikakkiyar lamba don kar wasu ɗigon su fito manya wasu ƙanana. Sannan WhatsApp yana matse hoto, kuma ƙananan ɗigo ja akan baƙi su ne farkon abun da yake lalatawa. Kafin ka turawa Alhaji, tura wa kanka tukuna ka buɗe a ƙaramar waya ka gani. In wajen bugawa zaka tura, a matsayin dokumen ake turawa ba hoto ba.

Kuma ka maida rubutun zane kafin ya bar hannunka, domin kwamfutar wajen bugawa bata da fontinka, zata musanya shi da wani ba sallama. Sai dai ka sani kowane ɗigo abu ne mai zaman kansa, layi kaɗan ya zama dubban abubuwa, fayil ya yi nauyi tsohuwar kwamfuta ta fara tunani. Haɗe su su zama abu ɗaya kafin ka ajiye, ka kuma riƙe kwafin da ba a maida ba saboda Hajiya zata kira da daddare ta ce a canza kwanan wata.

A takarda tawada tana ɗan bajewa, baƙin ɗigo yana ƙara ƙiba, farin ɗigo a cikin baƙin fili kuma yana ramewa, in baƙin ma na haɗin kala huɗu ne kuma injin ya ɗan kauce sai kaga gefen ɗigon da ja ko shuɗi. A katin gayyata da kwamplimentari kad kar a yi ƙananan farare a cikin irin wannan baƙin.

Sitika ta yanka ita ce ke sa a yi faɗa da yaran shago. Harafi ɗaya ɗigo goma sha wani abu ne, wani har ashirin, sunan shago da ɗan bayani mai harafi 30 ya tasamma ɗigo 500, kowanne sai an ɓare kewayensa ba tare da ya taso ba, kuma ba a manna su ɗaya-ɗaya, sai da tef ɗin ɗauka, wanda ke kwaso su gaba ɗaya a jere. Bayan an manna kuma ƙaramin ɗigo bashi da wajen riƙo sosai, ga rana ga ƙurar hunturu ga mai wanke gilashin keke da tsumma kullum, wata biyu rubutu ya fara zubar da haƙora. In ɗigon bai kai girman da zai riƙe ba, buga rubutun akan sitika guda a manna gaba ɗaya, ko a juya abun, a yanka baƙin allo a huda ɗigon a ciki. Riga ma haka, ƙananan ɗigo na mannawa da zafi suna tashi a wanki, bugun tawada da ake cewa sikirin firintin ya fi riƙewa. In kuma kwastoma ya nace sai yanka, a saka wahalar a cikin kuɗin tun farko.

Allon LED na gaske, mai gudun nan, yawanci falle-fallen P10 ake haɗawa, kowanne ɗigo 32 a kwance 16 a tsaye, milimita 10 tsakanin ɗigo da ɗigo. Kuskuren da ake yi a nan kishiyar na baya ne, sai a tura masa fonti mai ɗigo, alhali shi kansa allon ɗigo ne, ɗigo a cikin ɗigo ba abun da zai fito sai tarkace. Allon LED lafiyayyen rubutu yake so, shi zai farfasa da kansa. Kayi lissafi kuma, sahu 16 layi biyu ne na haruffa masu sahu 7 ko layi ɗaya babba, kuma falle ɗaya ƙananan haruffa biyar yake ɗauka a layi. In manhajar allon ta ƙi ɗ da ƙ, da yawansu suna karɓar hoto, sai ka zana rubutun a hoto mai daidai yawan ɗigon allon, falle uku a jere 96 da 16 kenan, baƙi da kala ɗaya ba inuwa. A rage gudun kuma dan Allah, wanda ke cikin mota a Ahmadu Bello Way bazai tsaya jiran ƙarshen jimla ba.

Batun lasisi a taƙaice, da yawan na kyautan nan an rubuta don amfanin kai ne kawai ba na kasuwanci ba, kuma kwafin Ndot da ke yawo a guruf-guruf kayan kamfani ne, ba abun ɗorawa a tambarin kwastoma bane. Na Google Fonts lasisinsu a buɗe yake, zaka iya aikin kuɗi dasu.

Kafin ka amince da kowane sabon fonti, rubuta masa wannan a layi ɗaya: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ 'y ₦ 0 O 1 I l 5 S 8 B g y. Abun da ya rasa zaka gani tun kafin ka ɓata awa biyu. In aikin na allo ne ko fuleks, buga harafi biyu-uku a ainihin girmansu a takardar A4 ka manna a bango ka ja baya iya nisan da mai wucewa zai tsaya. Masu allon talla suna da ƙiyasin inci ɗaya na tsayin harafi a duk ƙafa 10 na nisa, wannan na lafiyayyen rubutu ne, mai ɗigo sai ka ƙara masa akai. Ka kira yaron shagon kusa wanda bai san me aka rubuta ba ya karanta, in ya tsaya yana ƙanƙance ido ka ƙara girman ko ka rage kalmomin.